Mai jan baya ko mai jan ƙafa huɗu: wacce za a saya don hunturun Kanada?

Tambaya: Assalamu alaikum, Yaya. Ban daɗe da zuwa Winnipeg ba, wannan ne hunturuna na farko. Ina da kusan dala 12,000, kuma na ga motoci biyu na hannu. Ɗaya BMW 328i ce ta 2011, mai jan baya, wato tayoyin baya ne ke tura ta, tsaf da ita, ba ta yi tafiya da yawa ba. Ɗayar Subaru Forester ce ta 2012 mai jan ƙafa huɗu, ta fi waccan cin hanya, amma mai ita ya ce da ita ba na buƙatar tayar hunturu. Ƙarfe shida na safe nake fita aiki, da yamma kuma ni nake ɗauko yara. Wacce kake ganin zan ɗauka?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Barka da zuwa, Allah ya sa ka zo a sa'a.

Idan a cikin biyun nan ne dole, ɗauki Forester ɗin, amma da sharaɗi biyu. Na farko, bakanike ya ɗaga ta sama ya duba cikinta ya ce lafiya take. Na biyu, ka ware kuɗin tayoyin hunturu guda huɗu daga cikin dala 12,000 ɗin tun kafin ka fara ciniki, abin da ya rage shi ne kuɗin motarka. Ita kuwa maganar mai motar cewa ba ka buƙatar tayar hunturu, ka bar ta a inda ka ji ta. Ranar da dusar ƙanƙara ta farko ta sauka, ka bi Perimeter Highway, babban titin da ya zagaye Winnipeg, ka dubi irin motocin da ke kwance a kwarin gefen hanya. Za ka ga manya-manya a ciki, masu ɗauke da AWD, wato jan ƙafa huɗu, a rubuce a bayansu.

Ga dalili. Abu uku ake nema wajen mota a kan santsi: ta tashi, ta sha kwana, ta tsaya. Jan ƙafa huɗu a na farkon yake aiki. Idan inji ya raba ƙarfinsa ga tayoyi huɗu maimakon biyu, kowace taya rabin aikin ake nema a wurinta, don haka ba ta saurin wulwulawa a banza. Wannan gaskiya ne, kuma ba ƙaramin amfani ba ne. A kwana yana ɗan taimakawa idan kana kan totur. Amma da ka ɗaga ƙafa ka taka birki, zancen ya ƙare, domin kowace mota da ƙafa huɗu take birki, daga Corolla har BMW ɗin da ka gani. A lokacin ba abin da ya haɗa ka da titi sai roba, wuri huɗu, kowane bai fi faɗin tafin hannu ba. Idan robar nan ta sandare da sanyi, ko injin jirgi aka ɗora wa motar ba za ta tsaya ba. Mai jan ƙafa huɗu ma ta fi 'yar'uwarta nauyi, kuma nauyin nan sai birki ya tsayar da shi.

Akwai wani abu da ya fi wannan damuna ga sabon zuwa irinka. Mota mai ja da ƙafa biyu tana gaya maka gaskiyar titi tun daga ƙofar gida. Ka taka totur a danjar farko, taya ta yi wulwul, fitilar santsi ta ƙifta a gabanka, shi ke nan ka san yau akwai aiki, sai ka sassauta. Mai jan ƙafa huɗu ɓoye maka take yi. Za ta tashi sumul kamar a busasshiyar kwalta, ka kai gudun kilomita 60 a awa ba ka ji komai ba, sai a danja ta gaba ka taka birki ka ji ƙafarka tana karkarwa motar kuma tana ci gaba da tafiya. Littafin dokokin hanya na Ingila ya ce tazarar tsayawa a kan ƙanƙara kan ninka har sau goma. Sannan gudu in ya ninka biyu, tazarar tsayawa huɗu take ninkawa, ko a wace irin hanya.

To me ya sa duk da haka na ce Forester? Saboda garin da kake da kuma lokacin fitarka.

Winnipeg shimfiɗe take, ba hawa ba gangara, kuma wannan ya rage wa jan ƙafa huɗu daraja, domin a hawan tudu ne yake nuna bajintarsa. Wanda ke zaune a unguwannin tudu na Vancouver ko a kan hanyoyin duwatsun British Columbia ya fi ka buƙatarsa ta wannan fuskar. Matsalarku a nan daban ce. Matsakaicin sanyin Janairu yana wajen digiri 16 ƙasa da sifili, kuma akwai darare da yake wuce 30. Dusar da ta zuba a Nuwamba ba ta narkewa, tana nan har wajen ƙarshen Maris. Gishirin da ake zubawa a titi kuwa ƙarfinsa raguwa yake da zarar sanyi ya wuce wajen digiri 10 ƙasa da sifili, shi ya sa za ka ga yashi ake watsawa. Motoci su yi ta danne dusar har ta zama dutse. A bakin danja tayoyi su goge ta ta yi sheƙi, tururin salansa ya sauka a kai ya daskare. A cikin unguwanni da lungunan bayan gida, sawun tayoyi ya zama kwari biyu da tudu a tsakiya, tudun nan kuma shi ke kankarar cikin mota. Manyan tituna ake fara sharewa, na unguwa sai daga baya. Kai kuma ƙarfe shida kake fita, wato wata ran kai ne za ka buɗe wa maƙwabta hanya.

A nan tsayin mota daga ƙasa ya shigo, kuma mutane suna mantawa da shi. Forester tana da tazarar wajen milimita 220 tsakanin cikinta da titi. BMW 328i ba ta kusa da haka, a ƙasa take, don gudu a kan kwalta aka yi ta. Idan dusa ta yi zurfi, mota kan hau kai da cikinta, tayoyi su rasa nauyin da zai danne su, su yi ta juyawa a iska. Ko motar da ke ja da huɗu in ta zauna da ciki ta zauna ke nan, sai shebur. Rabin abin da masu Forester da CR-V da RAV4 ke yabon jan ƙafa huɗu a kai, a gaskiya tsayin motar ne ya yi musu.

Bari in yi wa mai jan baya adalci, don an cika yi mata ƙazafi. 'Yan sanda da masu tasi na Kanada sun shafe shekaru suna aiki dare da rana da Ford Crown Victoria, mai jan baya, wadda a St. Thomas ta Ontario ake haɗa ta har 2011. Mutanen Suwidin sun yi zamaninsu da Volvo 240, ita ma jan baya. Ba wanda ya zauna a gida don hunturu. BMW ma tana da abin da ya fi na tsofaffin nan: nauyinta kusan rabi da rabi ne tsakanin gaba da baya, kuma tana da na'urar da ke kama mota in ta fara juyawa, wadda ke taka birkin taya ɗaya-ɗaya ta rage wa inji ƙarfi kafin kai ka ankara. Kanada ta wajabta wannan na'ura a kan sababbin motoci daga Satumban 2011, amma BMW da Subaru duk sun riga dokar. Ka sa wa 328i tayoyin hunturu masu kyau, ka sa wa Forester tayoyin da ta zo da su na duk shekara, a birki da kwana BMW ɗin ce za ta yi nasara, ba ko tantama.

Abin da ya sa take da wuyar sha'ani shi ne halinta in ta zame. Idan ka taɓa tuƙa Fijo 504 a hanyar laka da damina, ka san yadda bayanta ke fara kaɗawa in ka ba ta wuta a kwana, har sai ka mayar da sitiyari ɓangaren da take zamewa. Haka mai jan baya take a kan ƙanƙara, sai dai abin ya fi sauri kuma ba ya sallama. Mai jan gaba in ta zame, hancinta ne ke ƙin shiga kwana, kuma abin da tsoro zai sa ka yi, wato ɗaga ƙafa daga totur, shi ne maganin. Mai jan baya kuwa hannu take so wanda ya saba. Wanda ya girma yana wasa da mota a kan daskararren fili, abin nishaɗi ne a wurinsa. Kai hunturunka na farko ne, ga yara a kujerar baya.

Sannan akwai aljihu. BMW mai shekaru sama da goma da aka saya da araha, kuɗinta a gareji ake biyan sa. Injin 328i na wannan zamanin mai silinda shida yana da ƙwari, ba na ƙwace masa wannan, amma famfon ruwansa na lantarki ne kuma yakan mutu ba gargaɗi, robobin da ke tare baƙin mai sukan fara yoyo, mai mai tsada take sha, kuma ba ta zuwa da safaya don tayoyinta irin waɗanda ake iya tafiya da su ko sun sace ne, su ma da tsadarsu. Wasu ma tayoyin baya sun fi na gaba faɗi, abin da ke ƙara wahalar neman na hunturu. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Idan zuciyarka ta kafe a kan BMW, akwai irinta mai xDrive, wadda ke ja da huɗu, amma ita ma a ƙasa take, kuma an ƙara maka kayan gyara.

Yanzu tayoyi, inda nake so ka fi kashe hankalinka.

Robar tayar da ake kira ta duk shekara tana fara tauri tun daga wajen digiri 7 sama da sifili. A 25 ƙasa da sifili, danna ta da farce ka ji, kamar robar bokiti. Ta hunturu da wani haɗi daban ake yin ta, tana nan da laushinta a cikin tsananin sanyi, kuma in ka duba haƙoranta za ka ga an tsattsaga kowane ɗaya da ƙananan layuka masu lanƙwasa. Waɗannan tsagogin su ke buɗewa su ciji ƙanƙara su kuma shanye ɗan ruwan da ke samanta. Alamar da za ka nema a gefen taya ita ce hoton dutse mai kawuna uku da ƙwayar dusar ƙanƙara a cikinsa. Wannan ce ke nuna an gwada ta a kan dusa ta ci jarrabawa. Haruffan M+S kaɗai ba su isa ba, siffar zanen taya kawai suke nufi, kuma kusan kowace tayar duk shekara tana ɗauke da su. Mai sayar da mota zai nuna maka M+S ya ce ga tayar hunturu nan. Ba ita ba ce.

Sunayen da ba za ka yi nadama da su ba sanannu ne: Bridgestone Blizzak, Michelin X-Ice, da Nokian Hakkapeliitta, ta kamfanin Finland da ya fara yin tayar hunturu a 1934. Akwai masu rahusa da suke aiki daidai gwargwado, kuma ko mafi arahar tayar hunturu ta gaskiya ta fi tayar duk shekara a Janairu. Akwai kuma wata tsaka-tsaki, irin su Michelin CrossClimate, masu alamar dutsen amma ana barin su a mota duk shekara. Ga mutumin Toronto ko Vancouver ba laifi. A Winnipeg ni ban ba ka shawararsu ba, ƙanƙararku ta fi ƙarfinsu. Masu ƙusoshi kuwa, Manitoba, lardin da Winnipeg take ciki, ta yarda da su daga 1 ga Oktoba zuwa 30 ga Afrilu, kuma a kan gogaggiyar ƙanƙara ba su da na biyu. Suna da ƙara, wasu gidajen ajiye mota na ƙarƙashin ƙasa ba sa son su. Idan aikinka zai riƙa fitar da kai bayan gari, wajen Steinbach ko Portage la Prairie, ni da su zan tafi.

Huɗu za ka saya, ba biyu ba. Wanda ya sa biyu a gaba ya bar tsofaffi a baya, gaban zai kama titi bayan ya wuce shi a kwanar farko. Wanda ya sa biyu a bayan mai jan baya, motar za ta tashi lafiya amma sitiyari ba zai ji magana ba. Ka saya musu wili na ƙarfe nasu na kansu, domin sauyin kaka da bazara ya zama kwance noti kawai, kuma gishiri ya ci ƙarfen banza maimakon wilinka mai kyau. Siririyar taya ta fi faffaɗa yanka dusa, don haka in littafin motar ya yarda da ƙaramin wili, ɗauke shi, ya ma fi araha. Gaba ɗaya ka yi lissafin wajen dala 1,000 ko sama da haka. In ya yi maka nauyi a tashi ɗaya, Manitoba Public Insurance, hukumar inshorar mota ta lardin, tana da shirin bashin tayar hunturu mai ƙaramin ruwa, ta hannun shagunan taya da suka shiga shirin. Na san wasunmu ba sa son abin da ya shafi ruwa ko kaɗan ne, shi ya sa na ce ka cire kuɗin tun farko. Manitoba ba ta tilasta tayar hunturu ba. Quebec ce ta tilasta, daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris.

Idan na hannu za ka saya, ko motar ta zo da su, duba abu biyu. Zurfin haƙora kada ya gaza milimita 4, ƙasa da haka ta gama aikin dusa ko da a ido tana da kyau. Sai shekaru: a gefen taya akwai layin da ya fara da DOT, lambobi huɗu na ƙarshe mako ne da shekara, 3819 na nufin mako na 38 a 2019. Tayar hunturu da ta haura shekara shida robarta ta fara bushewa. Ka kuma riƙa auna iska, domin duk saukar digiri 5 ko 6 tana rage wajen psi 1 a ma'aunin iskar taya.

Sai duba ita Forester ɗin, domin jan ƙafa huɗu a tsohuwar mota ƙarin kaya ne da za su iya lalacewa: farfelar da ke kai ƙarfi baya, akwatin giyar aksul na baya, sandunan da ke juya tayoyin baya, da kulocin tsakiya mai raba ƙarfi. Kafin ka tayar da inji, zagaya ka karanta tayoyi huɗun. Iri ɗaya ne? Girma ɗaya? Cinyewarsu ɗaya? Irin wannan mota ba ta son taya ɗaya ta fi sauran girma ko da kaɗan, domin kulocin tsakiya zai ɗauka kullum wata taya tana zamewa, ya yi ta aiki har ya ƙone. Idan ka ga sabuwa ɗaya da suɗaɗɗu uku, ko kamfani uku a mota ɗaya, ka san irin riƙon da aka yi mata. Wannan kuma darasi ne gare ka nan gaba: in taya ɗaya ta fashe bayan sauran sun ci rabi, sau da yawa huɗu za ka sauya.

Bayan motar ta yi zafi, kai ta busasshen fili, kashe rediyo, sauke gilashi. Murɗe sitiyari har ƙarshe ka yi zagaye a hankali, dama sannan hagu, ka maimaita da ribas. Lafiyayyiya za ta zagaya sumul ba tare da ka taɓa totur sosai ba. Idan ka ji tana turjewa kamar an ja birkin hannu, ko tana ɗan tsalle, ko bayanta yana gurnani, kulocin tsakiya ya fara kamawa. Wani lokaci sauya man giya yana gyara shi, wani lokaci aiki ne babba, kuma ba kai ya kamata ka yi cacar ba. Idan kun hau babban titi, saurari kuka daga baya da ke tashi da sauka tare da gudu. A wasu tsofaffin Subaru masu otomatik akwai gurbin fis a gaban mota wanda in aka cusa masa fis yake mayar da ita mai jan gaba zalla, an yi shi ne don tafiya da ƙaramar safaya, amma masu wayo suna amfani da shi su ɓoye wannan ciwon. Ka ce bakanike ya duba. Ya kuma tabbatar farfelar tana nan, don akan cire ta. Injin Forester na shekarun 2011 zuwa 2014 an san wasunsu da shan baƙin mai, saboda haka zaro sandar awo da kanka, ka tambayi mai ita lita nawa yake ƙarawa tsakanin juye da juye, ka dubi fuskarsa lokacin da yake amsawa. Nemi takardun da ke nuna an taɓa sauya man aksul na gaba da na baya. Yawancin mutane ba su ma san akwai shi ba. Ranar da ta lalace a hanya kuma, ka gaya wa mai janwe cewa da huɗu take ja, ya zo da mai faffaɗan baya ya ɗora ta gaba ɗaya. Jan ta da tayoyi biyu a ƙasa yana kashe giya.

Abin da ke kashe mota a ƙasar nan tun kafin inji ya gaji shi ne tsatsa. Fenti ba ya nuna ta, sai an ɗaga. Riƙe tocila ka bi bututun birki na ƙarfe daga gaba zuwa baya, musamman inda suka bi ta saman tankin mai. Ka ƙwanƙwasa ƙarfen da ke ɗauke da ƙafafun baya da ƙasan ƙofofi da bakin sukundireba. Jan tsatsa a sama-sama kowace mota tana da shi. Wadda ke ɓarewa falle-falle, ko sukundireba ya nutse, juya ka tafi ko nawa aka rage maka. Ka yi hattara da cikin mota da aka fesa wa baƙin fenti sabo fil ana gab da sayarwa. Rahoton Carfax, mai ɗauke da tarihin mota, zai nuna maka inda ta yi zama. Wadda ta fito daga Ontario ko Quebec ta fi shan gishiri a kan ta Alberta ko Saskatchewan. Irin waɗannan ne ma wasu ke lodawa a jirgin ruwa zuwa Kwatano da Legas, mutum ya saya a gida yana mamakin yadda motar da ba ta taɓa ganin teku ba cikinta ya ruɓe. Takardar binciken lafiyar mota da Manitoba ke nema kafin rajista, iyakarta ta ce motar ta cika mafi ƙarancin sharaɗi a ranar da aka duba. Ba ta maye gurbin bakaniken da kai ka biya. Ka kuma bincika ko akwai bashi a kanta, da ko an taɓa rubuta ta a matsayin wadda ta yi mummunan haɗari aka sake gina ta.

Leƙa gaban motar ka ga ko akwai wayar lantarki da ta leƙo ta wajen bamba. Ta hitar inji ce, wadda ake jonawa a soket da dare ko awa uku zuwa huɗu kafin fita in sanyi ya wuce wajen 15 ƙasa da sifili. Sandunan soket da kake gani a wuraren ajiye motoci na Winnipeg don ita aka kafa su. Motocin da aka sayar a nan galibi suna da ita, waɗanda aka kawo daga wani lardi da wasu na Jamus ba lallai ba. A sa a auna batir, in ya haura shekara huɗu ka sauya kafin Disamba. Ruwan lagireto rabi da rabi yana jurewa har wajen 37 ƙasa da sifili, a auna shi. Ruwan wanke gilashi ka sayi mai jure 40, kada ka kuskura ka zuba ruwan famfo kamar yadda muka saba.

Akwai zaɓi na uku da ba ka kawo ba, kuma in Forester ɗin ta faɗi jarrabawa, shi nake so ka duba kafin ka koma wa BMW. Mai jan gaba: Corolla, Civic, Camry, Mazda3. Wajen kashi 60 cikin 100 na nauyinsu a kan tayoyin da ke ja yake, don inji a kansu yake zaune. Da kuɗinka za ka samu wadda ta fi waɗancan biyun ƙuruciya, ta fi su tsimin mai, kayan gyaranta a ko'ina. Dubi layin motoci a kowace danja a Portage Avenue cikin Janairu, da yawansu irin waɗannan ne da baƙin wili na ƙarfe. Abin da za ka rasa shi ne 'yan kwanakin da aka yi zuba mai yawa ba a share unguwa ba, inda za ka tashi da wuri ka yi aikin shebur. Tsakanin lafiyayyiyar Corolla da Forester mai ciwon ciki, Corolla zan ba ka in yi barcina.

Wani zai ce ka sayi a-kori-kura irin F-150 ka huta. Yawancinsu jan baya suke yi sai ka sa musu giyar huɗu da kanka, kuma bayansu fayau yake ba nauyi, don haka a jan baya sun fi kowace mota zamewa. Giyar huɗun da ba ta da saitin otomatik kuma ba a barin ta a busasshiyar kwalta, tana ɗaure ƙafafu. Masu su buhunan yashi suke ɗorawa daidai saman aksul na baya su ɗaure. In ka ƙare da mai jan baya kowace iri, kai ma ka yi haka, a saman aksul, kada ka tura su can ƙarshen but.

Duk wadda ka saya, nemi layin sa taya tun farkon Oktoba, domin ranar da dusa ta fara sauka shaguna cika suke har na makonni. Bayan zubar farko, je wani babban filin ajiye motoci da sassafe lokacin ba kowa, nesa da sandunan fitila. Kai 30 ka danne birki da ƙarfi. Za ka ji feda tana bugun tafin ƙafarka tana ƙara, ABS ne, na'urar da ke hana tayoyi kullewa, yake aikinsa, kada ka ɗaga, ci gaba da dannewa kana juya sitiyari. Maimaita har ƙafarka ta daina tsorata, ka lura da inda ka fara birki da inda ka tsaya. Nemo maɓallin da ke kashe na'urar hana wulwula, don in ka kafe a dusa sai ka kashe ta tayoyi su samu su tona, kana gaba kana baya a hankali, in ka fita ka mayar. A but ka ajiye shebur, buhun yashi, wayar haɗa batir da bargo. Idan kuma ka taɓa kafewa a bayan gari kana jiran taimako da inji a kunne, fita ka share dusar da ke bakin salansa tukuna, ka ɗan sauke gilashi, ka riƙa komawa kana dubawa in iska tana tara ta.

Turo mini rahoton Carfax na Forester ɗin da hotunan gefen tayoyinta huɗu kafin ka ba da kafin alƙalami. A gaida iyali.